RA'AYI: Mangwaro na ruɓewa a Zuba, yara na tsotsar ruwan kala a Nyanya

Daga tsakiyar Fabrairu zuwa saukar ruwan farko a Afrilu, ma'aikacin gwamnatin tarayya yakan rayu a gari biyu. Akwai Abujar ofis, ta Sakatariyar Tarayya da ke kan titin Shehu Shagari da sauran gine-ginen ma'aikatu, inda na'urar sanyaya ɗaki ke ruri idan an dace da wuta. Akwai kuma Abujar da ya baro tun asuba, a Kubwa ko Lugbe, a Nyanya ko Karu, ko can tsallaken iyaka a Mararaba da Suleja, inda rufin kwano kan fara gasa ɗaki tun hantsi. A watan Maris ma'aunin zafi kan haura digiri 35 da rana, kuma mazauna Gwagwalada za su ce nasu ya fi na kowa. Da misalin ƙarfe biyu, lokacin da yake fama da fayil a kan tebur, 'ya'yansa suna kan hanyar dawowa daga makaranta, maƙogwaro a bushe, 'yan canjin da aka ba su da safe a dunƙule a hannu. Abin da za su saya sananne ne: ƙanƙarar leda, ja ko ruwan ɗorawa ko shuɗiya, wadda za a ciji kusurwarta a yi ta tsotsa har harshe ya rine.

Babu mai ganin laifin yaro a nan. Jiki ne ke neman sanyi, kuma babba ma da ya samu zai sha. Abin dubawa shi ne abin da ke cikin ledar. A mafi yawan lokuta ruwa ne da sukari, da kala, da ɗan filebo mai ƙamshin abarba ko lemo, alhali ko ɓawon abarba bai kusanci tukunyar ba. Inda sukari ya yi tsada, sai a cike gurbinsa da sinadarin zaƙi mai araha. Ledar ba ta da suna, ba ta da lambar hukumar NAFDAC, ba ta da ranar da aka haɗa ta, kuma babu wanda zai iya gaya wa uwa daga wace rijiya ko wane kuran mai ruwa aka ɗebo ruwan.

A cikin waɗannan makonnin ne kuma motoci ke kwarara kasuwar 'ya'yan itatuwa ta Zuba, da Kasuwar Lemo ta Mararaba, ɗauke da mangwaro da lemo daga Binuwai da Nasarawa, da abarba daga kudu, da kankana daga fadamun arewa. Duk wanda ya taɓa shiga Zuba a ƙarshen Maris ko cikin Afrilu ya san warin da ke tarbar mutum tun daga bakin hanya. Mangwaron da ya kwana uku a rana ba ya jiran mai saye. Ɗan kasuwa yakan karya farashi da yamma, ya sake karyawa washegari, abin da ya rage ya tafi juji. Manomin da ya yi shekara yana jiran kakar ya tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Tsakanin mangwaron da ke ruɓewa a Zuba da yaron da ke tsotsar ruwan kala a Nyanya tafiyar mota ce ta sa'a ɗaya ko biyu, gwargwadon cunkoso. Abin da ya raba su shi ne rashin sanyi. Wannan ne dalilin da ya sa ƙanƙarar 'ya'yan itatuwa da ake yi a gida, wadda a ido wasan yara ce, ta cancanci ma'aikaci ya ɗauke ta da muhimmanci, a matsayinsa na uba ko uwa, da kuma matsayinsa na mai rubuta takardun da manya ke sa wa hannu.

Batun sukari shi ne na farko da ya kamata a tsaya a kai, domin a nan ne aka fi yaudarar kai. Tun shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana, in da hali ma ya sauka ƙasa da kashi 5. Ga babban mutum, kashi 10 ɗin ya kama kusan giram 50, wato ƙaramin cokali 12. Kashi 5 kuwa cokali shida. Na yaro bai kai haka ba. Lemon kwalba mai zaƙi yakan ɗauki kimanin giram 10 na sukari a kowace mililita 100, don haka robar rabin lita ɗaya tak ta cinye kason babban mutum na yini guda. Yaron da ya sha shayi mai sukari da safe, ya tsotsi ƙanƙara biyu a hanya, aka kuma buɗe masa lemo da yamma saboda zafi, ya daɗe da ƙetare iyaka tun kafin a zuba tuwon dare. Sakamakon ba ya bayyana a mako ɗaya. A hankali yake zuwa, ta haƙoran da ke rubewa, da ƙibar da ake ɗauka alamar jin daɗi, da harshen da ya saba da zaƙi har gwanda ta zama masa salam. Wanda ya taɓa bin layin masu ciwon sukari a asibiti, riƙe da katin inshorar lafiya, ya san inda hanyar ke kaiwa.

Gwamnati ba ta rasa sanin wannan ba. Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin ₦10 a kan kowace lita ta lemon da aka zuba wa sukari. A kan robar rabin lita, ₦5 ke nan. Ko a lokacin da aka kafa shi bai isa ya sa mai saye ya ja da baya ba, balle bayan tsadar da ta biyo cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Sannan harajin kamfanoni kaɗai yake kamawa. Ƙanƙarar leda, wadda ita ce yaran unguwa suka fi sha, tana can inda hannun haraji ba ya kaiwa. Wurin da kawai ake iya ƙayyade cokalin sukarin da zai shiga cikin yaro shi ne kicin ɗin gidansu.

Aikin kuwa ba shi da wuya. Mangwaro shi ne sarkin wannan fage, domin namansa mai kauri ne kuma zaƙinsa ya wadatar. A zaɓi wanda ya nuna sosai, a wanke, a fere, a yanka, a markaɗa shi da ɗan ruwa kaɗan ko kindirmo, a matsa lemun tsami. Idan mai zare ne sai a tace da rariya mai faɗin ido, yadda zaren zai tsaya naman ya wuce. A zuba a ƙananan kofuna, a bar ɗan sarari a sama domin ruwa kumbura yake yi idan ya daskare, a tsaya har ya fara kamawa sannan a soka ƙaramin cokali ko tsinke mai faɗi a tsakiya. Cikin sa'o'i shida zuwa takwas ya zama ƙanƙara, idan wuta ta yi adalci. Kankana ta fi sauƙi, tunda sama da kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne: a cire 'ya'yan, a markaɗa ba tare da ƙara ko ɗigon ruwa ba, a sa lemun tsami da ganyen na'a-na'a. Wanda ba shi da na'urar markaɗe ma bai rasa ba. Ayaba da aka ɓare aka yanka, ko yankan abarba, ko ƙwayoyin mangwaro, idan aka jera su a faranti suka daskare, yara za su ɗauka kamar alewa.

Akwai wani tarko da masu farawa kan faɗa. Sanyi yana dusashe zaƙi a harshe, don haka haɗin da ya yi daidai kafin a sa a firiza yakan fito kamar an rage masa daɗi. Ƙari ga haka, sukari ne ke sa ƙanƙara ta yi laushi. Idan babu shi sai ta fito da tauri kamar dutse. Waɗannan dalilai biyu ne ke sa hannu ya koma kan gwangwanin sukari. Maganinsu yana cikin kwandon da aka sayo. Ayaba ɗaya da ta nuna har ta fara baƙi-baƙi tana ba haɗin zaƙi da laushi a lokaci guda. Dabino biyar ko shida da aka jiƙa aka markaɗa su ma haka. Kindirmo yana sa ƙanƙara ta yi santsi a baki, ya kuma ƙara wa yaro abin gina jiki. Sai dai a kiyaye haɗa ɗanyar abarba ko gwanda da madara a bar su su jima, domin akwai sinadari a cikinsu da ke narkar da furotin ɗin madara, haɗin ya koma ɗaci.

Masu cewa sun bar sukari sun koma zuma su ma su yi hattara. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka tace tas duk layi ɗaya suke da sukarin gwangwani. Amfanin ɗan itace yana cikin cin sa da namansa, domin dusar da ke ciki ce ke rage saurin shigar zaƙin cikin jini, ta kuma sa ciki ya ji an ci wani abu. Wanda ya matse lemo goma ya zubar da tuƙar ya daskarar da ruwan, bai yi nisa sosai da mai lemon kwalba ba. Jariri da bai cika shekara ba kuwa ba a ba shi zuma ko kaɗan. Mai ciwon sukari shi ma kada ya ɗauka an ba shi lasisi; zaƙin mangwaro zaƙi ne, kuma likitansa ne zai faɗa masa iyakarsa.

Ba sai an tsaya a kan kayan Zuba kaɗai ba. Bahaushe ya daɗe da sanin abin da ke kashe ƙishin bazara, tun kafin firji ya zo ƙasar. Zoɓo da citta da kanumfari, tsamiya, garin ƙwamen kuka, goruba da aka jiƙa, aya da kwakwa da dabino, duk suna daskarewa su yi daɗi. Zoɓon da aka dafa da ɓawon abarba wankakke, aka markaɗa naman abarbar a ciki, ba ya bukatar rabin sukarin da aka saba zuba masa. Ƙwame da kindirmo tsohon haɗi ne da kowace mai tallan nono ta sani. Abin sha'awa shi ne, a ƙasar Meziko, wadda ke cikin manyan masu sayen zoɓon da ake nomawa a Jigawa da maƙwabtanta, ƙanƙarar 'ya'yan itatuwa babbar sana'a ce. Suna kiran ta paleta, shagunanta sun bazu daga jihar Michoacán zuwa ko'ina a ƙasar har cikin Amurka, kuma daga cikin nau'o'in da aka fi saye akwai ta mangwaro, da ta tsamiya, da ta zoɓo. Ana loda furen zoɓo a buhu daga arewacin Nijeriya ya ƙetare teku, yaron Meziko ya sha shi a daskare, yayin da ɗan ƙasar da ta noma shi yake tsotsar jan kala da ba a san asalinsa ba.

Duk da haka, kalmar "na gida" ba hatimin lafiya ba ce, kuma a nan ne ya kamata masu yabon abin su rage murya. Ƙanƙarar gida tana iya kwantar da yaro a asibiti kamar yadda ta titi za ta iya. Mutane da yawa sun yi imani cewa duk abin da ya daskare ya tsarkaka. Ba haka ba ne. Sanyi kwantar da ƙwayoyin cuta yake yi, da yawansu kuma suna farkawa da zarar ƙanƙara ta narke a baki. Abin da ke kashe su shi ne tafasa. A shekarar 2021 hukumar NCDC ta ƙirga mutum sama da 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a faɗin ƙasar, sama da 3,000 suka rasu, kuma Birnin Tarayya yana cikin wuraren da annobar ta taɓa. Ruwan famfo daga madatsar Usuma bai kai kowace unguwa ba. Da yawa daga cikin gidajen ma'aikata a garuruwan kewaye sun dogara ne da rijiyar burtsatse da 'yan garuwa, kuma a bazara, lokacin da ruwa ke ja baya, jarkar da aka kawo ƙofar gida ba ta zuwa da tarihinta. Don haka duk ruwan da zai shiga haɗin a tafasa shi ya huce. Ɗan itacen a wanke shi kafin a sa wuƙa, har da kankana da ba a cin ɓawonta, domin wuƙar ce ke kwaso dattin baya ta kai shi ciki. Hannu, da kofuna, da tulun markaɗe, kowanne sai da sabulu.

Shi kansa ɗan itacen sai an duba shi. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan masu nunar da ayaba da mangwaro da sinadarin kabayid, irin wanda masu walda ke amfani da shi, saboda gubar da yake bari. Ɗan itacen da bayansa ya yi rawaya sumul amma cikinsa da tauri da tsami, babu ƙamshi, abin tuhuma ne. Hanya mafi aminci ita ce sayen abu a tsakiyar kakarsa, lokacin da ya yi yawan da babu mai bukatar gaggauta shi, kuma lokacin ne ya fi araha. Ɗanye-ɗanye da aka ajiye a kwali a gida zai nuna da kansa cikin 'yan kwanaki. Wanda ya yi laushi sosai ya dace da markaɗe, amma wanda ya fara fumfuna ko tsami na juji ne, komai arahar da aka yi masa.

Sai babbar matsala, wadda duk mai karatu ya riga ya hango: wuta. Ana iya rubuta girki mai kyau a takarda, amma firizar da ba ta da lantarki akwati ce kawai. Tun 3 ga Afrilun 2024, lokacin da hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin A daga kusan ₦68 zuwa ₦225 a kan kowane yunit, mazauna Abuja suka rabu gida biyu. An ɗan sassauta farashin daga baya, amma bai sauka ƙasa da ₦200 ba. Masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alƙawarin sa'o'i 20 a rana, suna da wuta amma suna kallon mita kamar mai kallon agogon asibiti. Sauran rukunan, daga sa'o'i 16 har zuwa huɗu a takarda, kuɗinsu da sauƙi amma wutar sai an gan ta. A kan wannan kuma ga faɗuwar babban layin wutar ƙasa da ke zuwa ba sallama. Ma'aikacin da ke ƙasan tsani, wanda mafi ƙarancin albashinsa ya zama ₦70,000 tun Yulin 2024, ba zai tayar da janareto saboda ƙanƙarar yara ba, kuma babu mai hankalin da zai ce ya yi.

Wannan ƙorafi gaskiya ne, amma bai rufe ƙofa ba. Firizar da ta cika maƙil, idan ba a buɗe ta ba, tana iya riƙe sanyinta har kusan kwana biyu bayan ɗauke wuta. Wadda ke rabi kuwa kusan kwana ɗaya. Saboda haka cike gurbin da ya rage da robobin ruwa dabara ce mai amfani: suna daskarewa lokacin da akwai wuta, su riƙe sanyin lokacin da babu. Ƙananan kofuna sun fi manya saurin kamawa, abin da ke da muhimmanci ga gidan da wutarsa ta dare ce kawai. A yi kaɗan, na kwana biyu ko uku, maimakon a tara na wata. Abin da ya narke gaba ɗaya ya ɗumama, musamman mai madara ko kunun aya, wanda ba ya jure zafi ko na 'yan sa'o'i, kada a mayar da shi ya sake daskarewa don ganin an ɓata kuɗi. Kuɗin asibiti ya fi na mangwaro.

Gidan da ba shi da firiza ma yana da hanya. Idan aka farfasa ƙanƙarar saye a roba, aka zuba mata gishiri da yawa, sanyinta yakan sauka ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. A sa haɗin a gwangwani mai murfi ko leda mai kauri da aka ɗaure da kyau, a nutsa a ciki, a riƙa juyawa. Cikin rabin sa'a zai kama. Amfanin wannan dabara shi ne ƙanƙarar sayen ba ta taɓa abin da za a sha, don haka ko da ruwan da aka yi ta da shi ba abin yarda ba ne, babu komai. Maƙwabta kuma sun daɗe suna ajiye wa juna kaya a firji, ba sabon abu ba ne a bariki.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Ƙanƙarar leda ba daga sama take faɗowa ba. Mata ne ke yin ta, da yawansu matan ƙananan ma'aikata ne, ko zawarawa, ko waɗanda mazajensu suka yi ritaya suna jiran fansho. Da ribarta ake sayen sabulu da littafin makaranta. A 'yan shekarun nan da azumi ke faɗowa cikin bazara, ita ce kakar da suke jira. Duk wanda ya ce a daina sayen kayansu ba tare da ya faɗi abin da za su ci ba, bai gama magana ba. Su ma ba mugunta ce ta sa suke zuba kala ba. Lissafi ne: kala da filebo ba sa ruɓewa idan an ɗauke wuta, mangwaro kuwa yana ruɓewa, kuma yaron da ke riƙe da 'yan canji ba zai biya kuɗin ɗan itace na gaske ba. Amma akwai kasuwar da ba a taɓa ba. Iyayen da suka san abin da suke so, kuma ba su da lokacin yi da kansu saboda sun bar gida ƙarfe shida sun dawo bayan magariba, za su iya biyan maƙwabciyar da suka yarda da tsaftarta ta yi musu na mako, da ɗan itacen da suka sayo ranar Asabar. Ƙungiyoyin adashi da na gama-kai da ke kusan kowace ma'aikata, waɗanda ke sayo shinkafa da mai a sari su raba wa mambobi, babu abin da zai hana su sayo kwandunan mangwaro da abarba daga Zuba a tsakiyar kaka. Mai sana'ar da ta samu tabbacin ciniki za ta ajiye kala da kanta.

Daga nan maganar ta bar kicin ta koma ofis. Masu karanta wannan shafi su ne ke tsara kasafi, su rubuta wa minista jawabi, su shirya takardar da za ta je majalisar zartarwa. Firizar gida ita ce zobe na ƙarshe kuma mafi ƙanƙanta a sarƙar sanyi da ya kamata ta faro daga gona. Sauran zobban ne babu. Ilimin kuwa yana nan. Cibiyar binciken adana amfanin gona ta ƙasa, NSPRI, tana Ilorin shekara da shekaru tana wannan aiki. Tun shekarar 2000 wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya samu lambar yabo ta Rolex saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ke tsawaita kwanakin kayan lambu ba tare da lantarki ba. Kamfanin ColdHubs ya nuna cewa ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana, inda ɗan kasuwa ke biya a kan kowane kwando, yana iya tsayawa da ƙafarsa a kasuwannin Nijeriya. Hukumar samar da wuta a karkara, REA, ta kai wutar sola kasuwar Sabon Gari a Kano. Idan ana neman wurin da ya fi cancantar irin wannan a Birnin Tarayya, kasuwar da ke ciyar da birnin da 'ya'yan itatuwa ce, kuma Hukumar Birnin da Ƙaramar Hukumar Gwagwalada, wadda Zuba ke ƙarƙashinta, ba sa bukatar sabuwar doka kafin su ware fili su gayyato masu zuba jari.

Haka batun masu talla. Abin da suka fi sani game da hukuma shi ne motar jami'an kare muhalli da gudun tsira da kula a ka. Kora ba ta taɓa tsarkake ruwa ba. Jami'an lafiyar muhalli na ƙananan hukumomi shida na birnin za su fi amfani idan suka tara waɗannan mata a cibiyar lafiya ta unguwa kafin shigowar bazara, aka nuna musu tafasa ruwa da auna sukari, aka ba wadda ta cika sharaɗi wata shaida da za ta manna a kularta, makarantu kuma suka bar masu shaidar kaɗai su tsaya a bakin ƙofa. Kuɗin wannan bai kai na taron bita guda a otal ba. In ana neman inda za a samo shi, ga harajin ₦10 can yana shiga asusu ba tare da iyaye sun ga abin da ya saya wa 'ya'yansu ba.

Akwai ma abin da ma'aikatu za su iya yi a cikin gidansu. A Yunin 2024 majalisar zartarwa ta amince da hana amfani da robobi da ledojin da ake yarwa bayan amfani ɗaya a ma'aikatu da hukumomin tarayya. Duk da haka, a yawancin tarurruka abin da ake jerawa a gaban mahalarta bai canja ba: robar lemo da biskit. Jami'in da ke sa hannu a takardar abincin taro yana da ikon rubuta yankakkiyar kankana da zoɓo maras sukari da yawa a kofin da ake wankewa, kuma mai kwangilar zai kawo, tunda abin da aka rubuta shi ake biya. Kakar mangwaro gajeriya ce. Kafin Yuni ta fara janyewa, farashi ya koma sama. Gidan da ke da wuri a firiza zai iya yanka na Afrilu ya ƙulla a ƙananan ƙunshi, ya rubuta kwanan wata a jiki, ya riƙa ciro ɗaya-ɗaya har cikin damina.